Awa biyun da na zubar ranar da Duna ya haɗiye safa

Har yau in na ga safa yashe a ƙasa sai gabana ya faɗi. Wata huɗu ke nan da aka yi wa karena Duna aiki, gashi ya tsiro ya rufe tabon cikinsa, yana ta tsalle-tsalle kamar ba shi ne ya kwana uku ana masa ƙarin ruwa ba. Shi ya manta. Ni ne na kasa mantawa, domin a gabana ya haɗiye safar nan, ina kallo, har agogo na duba, biyar da kwata na yamma, sannan na koma na zauna.

Watansa biyar a lokacin. Duk wanda ya taɓa riƙon kwikwiyo ya san wannan zangon: haƙoran nono 28 na zubewa, na manya 42 na hudowa, dasashi na ƙaiƙayi, abin da ya shiga baki kuwa sai an tauna shi. Ya ci takalmina, ya ci ƙafar kujera, ya ci wayar caja biyu, har mun fara mayar da abin raha. Ranar wata Talata 'yata ta dawo daga makaranta, ta cire doguwar safarta ta saƙa ta yar a bakin ƙofa. Sanda na leƙa bayan kujera ya riga ya yage wurin yatsun, zare na ta warwarewa, rabin safar na cikin bakinsa.

Na daka masa tsawa na yi kansa. Ya zille. Muka zaga falo sau biyu, ina ihu, yarinya na dariya, sai ya tsaya can a lungu ya dube ni, ya miƙe wuya, ya yi wani yunƙuri, shi ke nan. Na buɗe bakin, wayam. Daga baya likita ta ce bin da na yi masa ne ya tura safar ciki. Kwikwiyo in ka bi shi da gudu, ko ya ɗauka wasa ne, ko ya ga abin da ke bakinsa yana da daraja tunda har kana neman ƙwacewa, kuma hanyar da ya sani ta hana ka ita ce ya haɗiye. Da na tsuguna na nuna masa abin da ya fi so, da ya saki da kansa. Wannan na yafe wa kaina, firgita ce. Abin da ya biyo baya ne na kasa yafewa.

Uwargida ta ce, "Maigida, ka kai shi asibiti yanzu mana." Asibitin dabbobin bai fi tafiyar minti ashirin ba, kuma a buɗe yake har dare. Na dubi Duna, yana kaɗa wutsiya, yana neman abin da zai sake ɗauka. Na ce bari in tuntuɓi Yaya, tunda ya fi ni daɗewa da karnuka. Yaya ya bushe da dariya a waya ya ce, "Kai ma dai. Cikin da ke narkar da ƙashi, safa ce za ta gagare shi? Bar shi, gobe za ka gan ta a kashinsa." Abin da nake son ji ke nan. Na gaji, ba na son fita, ba na son kashe kuɗi a kan kare mai kaɗa wutsiya, sai na karɓi maganar hannu bibbiyu.

Abin haushin, akwai ƙanshin gaskiya a maganar Yaya, shi ya sa ma ta kama ni. Ƙananan abubuwa masu santsi da yawa sukan bi su fita, galibi cikin awa 10 zuwa 24. Amma ruwan cikin kare ba ya narkar da zare, ba ya narkar da leda ko roba. Tsumma in ya shiga sai ya jiƙe ya dunƙule, hanjin ɗan kwikwiyo kuwa kaurinsa bai wuce na yatsa ba. Ban yi wannan lissafin ba. Ƙarfe bakwai da kwata ta buga ina kallon talabijin, Duna na kwance a kan ƙafata.

A daren wani maƙwabci da ya ji labarin ya ce in dama gishiri a ruwa in ɗura masa ya amayar. Ƙyuya ce kawai ta hana ni, ba sani ba. Da na ba likita wannan labarin sai da ta ajiye alƙalami. Gishirin da zai sa kare amai ya isa ya zama guba a jikinsa, musamman in aman bai zo ba: yana hawa cikin jini, ya janye ruwan ƙwaƙwalwa, kare ya fara karkarwa da farfaɗiya, wani ma ya mutu. Garin neman gira a rasa ido. Haidirojin ɗin wanke ciwo, mai kashi 3 cikin ɗari, da wasu ke ɗura wa karnuka, shi ma yana iya ƙone bangon ciki, in kuma kare ya shaƙe shi ya tafi huhu. Ta ce ita ba ta yarda a ba da shi ba sai in mutum yana inda ba zai iya kaiwa asibiti ba, kuma likita ne a waya ya auna masa gwargwadon nauyin karen. Zira yatsa a maƙogwaro kuwa cizo kawai za ka samu.

Laraba lafiya lau. Ya ci, ya sha, ya yi wasa, ya yi kashi da safe. Na tona kashin da tsinke, ba safa, amma na ce tunda hanya a buɗe take ai tana tafe. Nan ma na ruɗi kaina. Kashin da ya riga ya wuce gaba dole ya fita, ko da hanji ya toshe ruf a bayansa. Toshewar ma ba lallai ta zama gaba ɗaya ba. Ruwa da ɗan abinci na iya kurɗawa ta gefe kwana ɗaya ko biyu, kare na harkokinsa, ɓarna na ci gaba a ciki.

Alhamis da safe ya ci abinci, bayan kamar rabin awa ya dawo da shi duka. Murna ma na yi, wai ko safar ta fito. Babu. Da rana ya sha ruwa ya amayar. Da yamma ya sake, wannan karon kumfa ce rawaya. Ku ji inda hankalin mutum ke zuwa in ba ya son gaskiya: na fara zargin tsutsar ciki. Na tuna cutar fabo mai sa amai da zawon jini, na ɗauko katin rigakafinsa ina dubawa, alhali allurorinsa sun cika. Na ce ko sauyin abinci ne. Komai na zarga ban da abin da na ga ya wuce maƙogwaronsa da idona. Har na yi niyyar aikawa a sayo maganin tsayar da amai, Allah ya sa dare ya yi. Irin wannan magani alamar kawai yake rufewa, ka ga kare ya daina amai ka ɗauka ya samu sauƙi. Wani nau'insa ma ƙara wa hanji motsi yake yi, ga hanjin kuwa a toshe. Haka shi ma ɗura mai da ake cewa wai don abin ya zame. Kare mai amai in ka ɗura masa mai, huhu zai iya tafiya.

Juma'a da asuba na same shi a wata irin tsayuwa da ban taɓa gani ba, ƙirji da ƙafafun gaba a ƙasa, ƙugu a sama. Irin yadda suke yi in suna miƙa ko neman wasa, sai dai shi ya daskare a haka, wutsiya ba ta motsi. Ciwon ciki ke sa su yin haka. Na taɓa cikin na ji ya yi tauri, ya yi ƙara. Dasashinsa ya bushe har yana manne wa yatsa. Na ɗaga fatar ƙeyarsa, ta daɗe kafin ta kwanta. Ya fita waje yana ta yunƙurin kashi, ba abin da ke zuwa sai ɗan ruwa-ruwa. Sai na hango zare shuɗi, kalar safar, yana reto a duburarsa, tsawon yatsa.

Na ja. A hankali na ja, wallahi, a zatona taimakonsa nake yi. Zaren ya biyo kaɗan sai ya tsaya cak, Duna ya ƙwala wata ƙara da har yanzu take kunnena. Na saki. Sai a lokacin na ɗauki makullin mota.

Likitar ba mai yawan magana ba ce. Tana latsa cikinsa a hankali tana tambaya, ba ta ma kalle ni ba.

"Me ya ci?"

"Safa, likita."

"Kun gani, ko zato kuke yi?"

"Na gani."

"Yaushe?"

"Talata da yamma."

Sai ta ɗago. "Malam, yau fa Juma'a." Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Da kun kawo shi a ranar, kafin awa biyu, da wataƙila allura ɗaya ce ku koma gida."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Abin da kare ya haɗiye yakan ɗan zauna a tumbi kafin ya gangara hanji, kuma a wannan tsakanin ne ake da dama. Likitoci kan lissafa kamar awa biyu, ko da yake babban abu irin tsumma yakan daɗe fiye da haka, shi ya sa ko an wuce awa biyun ba a fasa zuwa. Akwai allurar da suke yi, afomofin, cikin 'yan mintoci kare zai amayar da abin da ke cikinsa. A wasu ƙasashe har maganin ɗigawa a ido ake da shi da ke yin wannan aikin. Ba kullum abin ke fitowa ba, amma abu mai laushi irin safa yana daga waɗanda suka fi dawowa. In ya ƙi, kuma asibitin na da kayan aiki, sai a sa kare barci a zira siririn bututu mai kyamara ta baki a kamo abin, ba yanka ba ɗinki. Duk wannan sai in abin yana tumbi. Da zarar ya gangara hanji ya maƙale, sai wuƙa.

Ni kuwa awa biyun nan a gaban talabijin na yi su.

Aka ɗauki hoton cikinsa. Na zuba ido ina neman safa, ban ga komai ba, har na fara sa rai. Ta ce ai tsumma, roba da leda galibi ba sa fitowa a hoton eksire. Ƙarfe, dutse da ƙashi su ke fitowa ƙarara. Abin da ita take dubawa shi ne iskar da ke cikin hanji, inda ta taru da yadda ta rarrabu. Sai da aka yi sikanin sannan abin ya bayyana. Hanjin ya tattare wuri ɗaya, ya yi lanƙwasa-lanƙwasa.

Yadda ta bayyana mini ba zan manta ba. Ta ce in tuna yadda bakin wando ke tattarewa a kan zariya in an ja ta. Dunƙulen safar ya maƙale a ƙofar da tumbi ke zuba abinci cikin hanji, ya kasa wucewa, zaren da ya warware kuwa ya ci gaba da tafiya har ƙarshe. Hanji aikinsa turawa, yana ta turawa, zaren ba ya motsi domin an riƙe shi daga sama, sai hanjin ya dinga hawa kan zaren yana tattarewa. Zaren ya miƙe tsam, kowane motsi na hanji kuma goga shi yake yi a bango ɗaya, kamar zarto. In ya huda, ƙazantar hanji ta zuba cikin kogon ciki, daga nan maganar ta zama ta rai da mutuwa. Na ce mata na ja zaren. Ta ce, "Na sani." Duk zaren da ka gani yana reto a dubura ko a bakin kare, ba a ja. In ya yi tsawo har yana neman kama wani abu, a datse shi da almakashi a bar ɗan saura, a tafi asibiti.

Ba su shiga aiki nan take ba. Sai da aka yi masa ƙarin ruwa na 'yan awanni, domin kwana ɗaya na amai ya ƙarar da ruwan jikinsa, ɗan kwikwiyo kuwa ba shi da ajiya, ruwa da sukarin jikinsa saurin faɗuwa suke. A wannan jiran ne ta tambaye ni, "Ɗayar safar tana nan?" Na kira uwargida ta kawo. Ban gane amfaninta ba sai bayan aikin, da aka shimfiɗa abin da aka ciro kusa da ita ana gwadawa, don a tabbatar ba a bar wani yanki a ciki ba. Tun daga ranar na riƙe wannan: in abin yana da ɗan'uwa, ko kwalinsa, ko ragowar da aka tauna, a tafi da shi. In magani ne ko ruwan wanke-wanke, a ɗauki kwalbar, kar a tsaya kwatance.

Wuri huɗu aka yanka, ɗaya a tumbi, uku a hanji, domin zare irin wannan ba a zare shi ta ƙofa ɗaya, sai an bi shi ana yankewa guntu-guntu. Akwai wurin da bangon hanjin ya yi siriri ƙwarai, saura ƙiris ya huje. Ta ce ta tsaya ta yi tunani ko ta yanke wannan yankin ta haɗa bakin biyu, daga baya ta ga jini na gudana a wurin, ta bar shi. Ban tambaye ta ko jan da na yi ne ya kai shi haka ba. Ba na son amsar.

Na ɗauka in an fito daga tiyata an gama. Ashe akwai sauran rina a kaba. Ɗinkin hanji in zai warware, galibi tsakanin kwana na uku da na biyar yake warwarewa, daidai lokacin da ka fara sakin jiki. Kwanakin nan ban yi barcin kirki ba. Safe da yamma ina auna zafin jikinsa, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 38 da 39.2, ina duba dasashi, ina taɓa ciki, in ya yi ko gyatsa sai in zabura. Abinci ɗan kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Aka sa masa abin wuyan nan mai kama da mazurari don kar ya lashi ɗinkin, ya dinga karo da bango yana kallona kamar ni na zalunce shi. A rana ta 12 aka cire zaren waje. Kuɗin da na biya kuwa ya ninka na allurar amai ninkin-ba-ninkin, ni da na ƙi fita don tsoron kashe kuɗi.

Ranar cire ɗinkin na yi mata tambayar da nake ganin ta mai hankali ce. Na ce, "To likita, ashe duk abin da ya haɗiye maganinsa a sa shi amai da wuri?" Ta girgiza kai ta ce, "Ko kusa. Shi ya sa nake cewa ku kira, kar ku yanke hukunci a gida."

Abu mai kaifi, kamar allura, ƙugiyar kamun kifi, reza ko fasasshen gilashi, yankan da bai yi ba a hanyar shiga zai yi a hanyar fita. Ruwan wanke banɗaki da sauran masu ƙuna, in aka sa kare amai sun ƙone maƙogwaro sau biyu ke nan. Kananzir da fetur huhu suke shiga. Karen da ya riga ya galabaita, ko yake layi, ko yake farfaɗiya, ba a sa shi amai ko me ya ci.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne batir, domin rimot da makullin mota kullum a kan kujera suke a gidana. Batir na yau da kullum in haƙori ya huda shi, ruwan cikinsa ƙone nama yake yi. Ƙaramin nan kuwa mai faɗi kamar maɓalli, ba sai an huda shi ba. In ya maƙale a hanyar abinci, wutar da ke cikinsa ce ke aiki a kan jiƙaƙƙen nama, kuma kafin awa biyu yana iya yin mummunar ƙuna. Wannan ko jiran kiran waya ba a yi, mota ake shiga, a yi kiran a hanya. Maganaɗisu in guda ne wataƙila ya wuce, in biyu ne ko fiye sai su jawo juna ta bangon hanji su matse naman tsakani har ya mutu. Tsabar kuɗi ma akwai masu sinadarin zinki, irin santi ɗaya na Amurka da aka buga bayan 1982, wadda kusan duka zinki ce, ruwan ciki na cin ta, sinadarin ya shiga jini ya farfasa jajayen ƙwayoyinsa. Akwai wani gam na katako mai kumbura in ya taɓa ruwa, lasa kaɗan sai ya kumbure ya sandare ya cika tumbi. Magungunanmu na ciwon jiki, ibuforofen da farasitamol, guba ne gare su, ko sun tauna da kansu ko kai ka ba su da tausayi. Ta ce 'yar jakar ƙwayoyin nan da ake samu cikin kwalin sabon takalmi galibi ba ta da wata illa sosai, amma akwai mai kama da ita mai baƙin garin ƙarfe a ciki, ita kam a kawo kare. In kuma abin bai wuce ba, ya tsaya a maƙoshi, kare na tari yana kai ƙafa baki, dasashi na komawa shuɗi, to wannan maganar numfashi ce, ta mintoci.

Kar wani ya ji ni ya ce kowane haɗiya tiyata ce. Akwai lokacin da likita da kansa zai ce a koma gida a sa ido, in abin ƙarami ne, mai santsi, ba guba, karen kuma babba. Sai ka dinga tona kashi kana duba amai, ƙin abinci, kasala da ciwon ciki. Jira ne shi ma, amma jiran wanda ya san girman abin da girman hanjin, kuma ya faɗa maka alamar da in ka gani ka dawo. Nawa jiran na wanda ba ya son tashi daga kujera ne. Yaya har gobe yana kan bakansa. Da ya zo duba Duna cewa ya yi, "Nawa ai ya taɓa cinye leda guda bai ko yi tari ba." Na yi shiru don girmansa, amma raina ya sosu. Karnukan da suka tsira su ake ba da labarinsu.

A gida mun sauya abubuwa, ba sai na lissafa ba, kwandon wanki mai murfi, kwandon shara a bayan ƙofa, rimot a sama. Abin da ya fi aiki shi ne musaya. Kullum sai in ba shi abin wasansa, in ce "saki", in nuna masa ɗan abin daɗi, in ya saki in ba shi, sannan in mayar masa da abin wasan. Mayarwar ce sirrin, don ya gane saki ba asara ba ce. Yaran ma na hana su bin sa da gudu in ya ɗauki abu. Yanzu sau tara cikin goma yana tofarwa.

Na goman ya zo wata biyu bayan aikin. 'Yata ta shigo a guje tana cewa, "Baba, Baba, ya cinye ribon ɗina!" Irin na roba mai tsumma da ake ɗaure gashi. Duna na tsaye yana kaɗa wutsiya, daidai irin kaɗawar waccan Talatar. Ban kira Yaya ba. Ban ma sa takalmin kirki ba. A mota na kira asibiti, na faɗi abin da ya ci, girmansa, lokacin, da nauyin karen. Minti 35 tsakanin haɗiya da allura. Aka shimfiɗa jarida a ƙasa, ya zagaya sau biyu, ya fara dalalar da yawu, kafin minti biyar ga ribon ya fito cikin abincin rana, ko yagewa bai yi ba.

Likita ta sa safar hannu ta tona sauran aman, sai ta ɗago wani abu ja ta nuna mini. Rabin murfin kwalba ne, an tattaune gefensa.

"Wannan fa, Malam, yaushe?"

Na dubi yarinya, ta dube ni. Ba wanda ya ma san ya ɓace.